Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Daraktan Kiwon Lafiya na Jihar Maraɗi kan yadda ake duba tsofaffinmu

Zuwa ga Mai girma Darakta, kuma ta hannunsa zuwa ga likitoci, majo-majo, wato shugabannin ƙananan cibiyoyin lafiya na unguwanni da ƙauyuka da ake kira CSI, ma'aikatan jinya da masu farmasi na faɗin jiha.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kuna lafiya, ku da iyali da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinku. Allah ya ƙara taimako.

Ni malamar makaranta ce a nan cikin garin Maraɗi. Na rubuto ne da yawun wasu mata da maza da jinya ta haɗa mu: masu kwana kan tabarma a gefen gadon uwa ko uba, masu ɗauko tsoho a kabu-kabu a sa shi tsakiya ana riƙe da shi ta baya, masu yawo da takardar magani daga wannan farmasi zuwa wancan ana lissafin abin da ya rage a bakin zane. Ba mu da ƙungiya, ba mu da hatimi. A layin tikiti muka san juna. Cikinmu akwai ƴan unguwannin Bagalam, da Zariya, da Ali Ɗan Sofo, akwai kuma ƴan'uwa na Madarumfa, Gidan Rumji, Mayahi da Tasawa waɗanda ke sauka gidajenmu idan an turo tsohonsu birni.

Za mu fara da godiya. Matakin da gwamnati ta ɗauka a watan Agusta na 2024, na rage rabin kuɗin ganin likita, kwanciya, awon jini da hoto a asibitocin gwamnati daga 1 ga Satumba, ya taɓa gidajenmu. Mun ga dattawan da a da ke cewa "a bar ni, kada a ɓata kuɗi" sun yarda an kai su. To amma kuɗin shiga kawai aka rage. Abin da ke faruwa bayan tsoho ya shiga ɗakin ya zauna gaban likita, shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Mun san inda aka fito. Tun yunwar 2005, lokacin da Maraɗi ta cika da cibiyoyin kula da yara masu tamowa, hankalin gwamnati da na masu ba da agaji ya koma kan uwa da jariri. A 2006 aka mai da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Yau uwa a ƙauye ta iya auna dantsen ɗanta da igiyar nan mai launi uku, kuma duk damina ana bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara. Ba mu ƙyashin ko ɗaya, ƴaƴanmu ne suka rayu. Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, masu 60 zuwa sama kuwa ba su kai 5 cikin 100 ba, don haka ba abin mamaki ba ne a manta da su wajen tsara aiki. Sai dai ƙidayar 2012 ta ba jihar nan mutum sama da miliyan 3 da dubu 400. Ko 3 cikin 100 ka ɗauka, tsofaffi sun haura dubu 100, kuma jama'a ta ƙaru sosai tun lokacin. Ma'aikacin da aka horar shekara da shekaru kan awon ciki, rigakafi da tamowa, shi ne dai ake kawo wa dattijo mai hawan jini, ciwon suga, ciwon gwiwa da yanar ido duk a jiki guda.

Kukanmu na farko, kuma mafi girma, shi ne amsar nan da muke yawan samu: "Tsufa ne, sai haƙuri." Surukina, mutum ne da ke zuwa masallaci da ƙafarsa, yana lissafin kuɗin gyaɗarsa da ka. Cikin kwana biyu ya birkice, ya daina gane jikokinsa, yana kiran matarsa da ta rasu, yana ƙoƙarin fita tsakar dare. Inda muka fara kai shi, ko taɓa shi ba a yi ba. Aka dube shi daga bayan tebur, aka ce gigin tsufa ne, mu koma gida mu yi ta addu'a, aka rubuta mana maganin barci. Washegari a wani wurin, wani matashin likita ya kwantar da shi, ya ɗaga rigarsa, ya danna mararsa. Tsohon ya yi ƙara. Mafitsara ce ta cika ta yi tauri, fitsari ya ƙi fita saboda kumburin da ke samun maza idan sun manyanta, ga kuma ƙwayoyin cuta sun shiga. Aka sa masa roba, aka fara magani, kafin mako ya zagayo yana tambayar wa ya taɓa masa rediyo.

Likitan nan ya gaya mana abin da muke so kowane ma'aikaci ya riƙe. Gigin tsufa na gaskiya a hankali yake shigowa, wata da watanni, shekara da shekaru. Idan tsoho ya ruɗe farat ɗaya, to akwai abin da ke cin jikinsa: zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu, cutar mafitsara, ƙarancin ruwa, faɗuwar suga, ko wani magani da ya sha. Kuma jikin tsoho yakan ɗauki cuta mai tsanani ba tare da ya yi zafi ba, don haka taɓa goshi a ce "ai babu zazzaɓi" bai isa ba. Mutum nawa aka mayar gida da wannan kalma suka cika, aka ce kwana ne ya ƙare? Kwana na Allah ne, ba mu musu. Amma duba mara lafiya aikin likita ne.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi shafar mata. Tsohuwar da ta kamu da gigin tsufa na gaskiya, tana sambatu, tana fita da dare, tana ambaton sunayen matattu, a wasu unguwanni da ƙauyuka ba a daɗewa a fara raɗe-raɗin maita. Yara su riƙa gudunta, a daina karɓar abinci daga hannunta. Idan majo ya tara iyalinta ya ce musu cuta ce ta ƙwaƙwalwa, tana da suna, ba ta da alaƙa da cin kurwar kowa, maganarsa ta fi ta kowa nauyi a wannan wurin. Minti biyar ne, amma ba kasafai ake yin su ba.

Na biyu, maganar magani. Ranka ya daɗe, da za ku ɗaga matashin kan kowace tsohuwa a garin nan, za ku tarar da baƙar leda. Ta mahaifiyata na zazzage a tabarma ran nan. Ga diklofenak na ciwon gwiwa da take saye wurin mai tebur, ga wani haɗi na ƙwayoyi huɗu da aka ƙulle a ƴar leda babu suna, ga jiƙo a gorar ruwa, ga maganin hawan jini kwali biyu daga likitoci biyu, wanda daga baya mai farmasi ya nuna mini abu ɗaya ne, sunan kamfani ne kawai ya bambanta. Duk tana sha, kowanne da lokacinsa, da bismilla. Tun da muke zuwa gidan likita ba a taɓa ce mata, "Inna, me da me kike sha a gida?" ba.

Ku kun fi mu sanin sakamakon. Diklofenak da ibuprofen, idan tsoho ya daɗe a kansu, suna cin ƙoda, suna sa ciki zubar da jini, suna kuma tayar da hawan jinin da ake ta fama a sauko da shi. Haɗin masu tebur sau da yawa akwai deksametazon ciki, mai sa mutum ya ji garau kwana biyu alhali yana tayar da suga yana raunana ƙashi. Gwamnati ta soke kuɗin nan jika 150 (sefa dubu 150) da ake biya kafin a fara wankin ƙoda, mun gode, amma da an tambayi abin da ke cikin leda tun da wuri, da wasu ba su kai ga na'urar ba.

Ko maganin da likita ya rubuta da hannunsa yana da nasa haɗari idan ba a yi la'akari da shekaru da yanayinmu ba. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce 40 a Maraɗi, tsoho kuma ba ya jin ƙishirwa kamar yaro. A ba shi maganin da ke sa yawan fitsari, ba a ce masa ya riƙa shan ruwa ko ya dawo a sake dubawa ba, sai jiri ya kwashe shi. A ba mai ciwon suga glibenkilamid, azumi ya kama, ya ɗauka ba tare da ya gaya wa kowa ba, suga ta faɗi da la'asar, a ce aljanu ne. A ba tsohuwa diyazepam don ta samu barci, ta tashi tsakar dare za ta kewaya, ta faɗi, ƙugu ya karye. Daga nan sai mai ɗori, sai kwanciya, kuma da yawa ba su sake tashi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne na hawan jini, don kuwa jumla ɗaya ce ke ɓacewa. Iyayenmu sun saba da maganin zazzaɓi: ka sha kwana uku, ka warke, ka ajiye. Haka suke ɗaukar na hawan jini. Ciwon kai ya lafa, kwali ya ƙare, shi ke nan an warke. Takardar da Faransanci aka rubuta ta, da rubutun da ni kaina malama sai na kai wa mai farmasi ya karanta mini. Babu wanda ya dubi idon tsohon ya ce masa da Hausa, "Baba, wannan ba a gama shi, ko kun ji sauƙi kada ku bari, kafin ya ƙare ku dawo." Bayan wata shida sai a wayi gari baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye.

Na uku, yadda ake yi musu magana. Sau da yawa likita ɗan rakiya yake tambaya, "Me ke damunsa?", tsohon na zaune, da hankalinsa, ana maganarsa kamar ba ya wurin. Idan kunnensa ya yi nauyi sai a daka masa tsawa, alhali abin da yake bukata a fuskance shi a yi magana a hankali. Kuma akwai kunya, wadda duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san nauyinta. Tsohuwa ba za ta faɗi gaban ɗanta namiji cewa fitsari na kufce mata ba, ko tana ganin jini shekaru bayan ta daina al'ada, alhali wannan jinin na iya zama alamar kansar mahaifa. Dattijo ba zai kwance wando gaban yarinyar da ta yi sa'ar jikarsa ba, ƙofa a buɗe, mutane na leƙe. Sai su ce "jiki ne kawai ba daɗi", a rubuta musu maganin ƙarin ƙarfi, su koma da cutarsu. Da za a ce wa ɗan rakiya ya ɗan jira a waje, a ja labule, a kira mutum Baba ko Inna ko Alhaji, da an ji abin da ya kawo shi.

Ba mu manta da halin da ma'aikata ke ciki ba. Mun ga majo shi kaɗai a CSI, shi ne mai dubawa, shi ne mai allura, shi ne mai cika rajista, ga layi har waje, wani lokaci da ƴan sa-kai da ba su da albashi. Mun ga ma'aikaciyar jinya da ta kwana tsaye ta kuma wanke wa tsohuwar da ba ta da kowa jiki. Irin waɗannan Allah ne kaɗai zai biya su. Shi ya sa muka kawo kukan gare ku, don abin da muke gani ya fi kama da rashin tsari da rashin horo fiye da mugun hali.

Na huɗu, sallama. Ana sallamar mai shanyewar ɓarin jiki da takardar magani kawai, a ce Allah ya ƙara sauƙi. Wata maƙwabciyata ta kawo mijinta gida haka, ta shimfiɗa masa katifa mai leda a ɗaki, cikin zafin bazara, tana yi masa duk abin da ta iya. Ranar da muka taimaka mata juya shi muka ga ƙugunsa da diddigensa sun ɓare, gyambo ya yi zurfi har yana wari. Ta fashe da kuka, ta ce wallahi ba ta san ana juya mutum ba. A wurin wata ƴar jinya ta ji cewa duk bayan awa biyu ake juyawa, a kuma zaunar da shi kafin a ba shi kunu don kada ya sarƙe ya gangara huhu, a riƙa motsa masa hannu da ƙafa kullum don kada su sandare. Wannan darasi ne da ya kamata ta samu a bakin gado kafin ta fito, daga bakin ma'aikaci.

Kuma ku sani, nauyin nan a kan mata yake sauka: matar gida, matar ɗa, sai kuma ƴan mata. A ajina, idan yarinya ta ɓace mako biyu na aika a tambaya, sau da yawa amsar ita ce tana jinyar kaka. Wasu ba su dawowa.

Na ido ba zan tsawaita ba. Yanar ido aiki ne na ɗan lokaci a hannun likitan ido, mutum ya koma yana gani. Amma har yanzu akwai tsofaffi zaune a zaure ana ja musu sanda, wasu kuma sun faɗa hannun masu yawo ƙauye-ƙauye suna soka tsinke a ido su tura yanar ciki, a rabu da ganin gaba ɗaya. Babu wanda ya taɓa gaya musu cewa abin yana da magani.

Ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo. Ba mu ce a kawo ƙwararren likitan tsofaffi kowace CSI ba, mun san ƙarfin ƙasa.

Muna roƙon ku ba da umarni a rubuce cewa duk mai shekara 60 zuwa sama da ya shigo gidan likita, ko ƙaya ce ta soke shi, a auna masa jini, a kuma tambaye shi magungunan da yake sha, har da na tebur da na gargajiya, ba tare da faɗa ba, don idan aka yi faɗa ɓoyewa za su yi. Wannan na nufin kowace CSI ta kasance da abin awon hawan jini mai aiki, da na suga tare da tsinkayensa, don mun sha jin "akwai na'ura amma tsinke ya ƙare".

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari tun 2017 mai suna ICOPE, wanda aka yi domin ƙananan cibiyoyi irin namu. Gwajin farko ba ya bukatar komai sai kujera, agogo da natsuwa. A ce tsoho ya tashi daga kujera sau 5 ba tare da dafawa ba, a ga ko zai iya cikin daƙiƙa 14. A faɗa masa kalmomi uku, a tambaye shi ranar da wurin da yake, sannan a ce ya maimaita kalmomin. A yi masa raɗa ta baya a ji ko kunne na ji. A tambaye shi ko ya rame da kilo 3 cikin wata uku, ko abinci ya fita ransa, ko idonsa na ba shi wahala, ko baƙin ciki ya dame shi kwanan nan. Muna roƙon a horar da majo-majo da ma'aikatan jinya kan wannan, a fara ko da da gunduma ɗaya ce, a kuma ware safiya ɗaya a mako ta tsofaffi, kamar yadda awon ciki da rigakafi ke da ranakunsu, don kada mai shekara 80 ya wuni kan benci tun hantsi har azahar.

A yi wa tsoho karne nasa, kamar na jariri, inda za a riƙa rubuta awon jininsa, cututtukansa da duk maganin da yake kai, ya riƙa yawo da shi daga CSI zuwa asibitin gunduma zuwa babban asibiti. Da akwai shi, da mahaifiyata ba ta sha magani ɗaya ninki biyu ba. Masu farmasi kuma a tunatar da su cewa su ne ido na ƙarshe kafin ƙwaya ta shiga baki, su yi bayani da Hausa, su zana hoton rana da na farin wata a kwali, alamar safe da dare, ga wanda bai yi boko ba.

Kada a sallami wanda ba ya iya tashi sai an nuna wa mai jinyarsa, da hannu, yadda ake juyawa, ciyarwa, wankewa da motsa gaɓoɓi. Ma'aikatan sa-kai na unguwanni da ƙauyuka da ke bi gida-gida da maganin yara a damina sun riga sun san kowane zaure. A ƙara musu tambaya ɗaya: akwai tsoho kwance a gidan nan? Su rubuta, su kai wa majo.

Muna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a garin nan, tana yaye likitoci, ga kuma makarantun koyon aikin lafiya. Ku zauna da shugabanninsu a tabbatar ɗalibi bai fita ba sai ya koyi yadda jikin tsoho ya bambanta da na matashi wajen ɗaukar cuta da ɗaukar magani. Kafin azumi kuma, a haɗa likita da malami a gidajen rediyon gari, likita ya faɗi wa azumi zai cutar, malami ya faɗi sauƙin da addini ya yi wa tsoho da mara lafiya na ciyarwa ko ramuwa. Iyayenmu ba za su ajiye azumi don likita ya ce ba, amma za su saurara idan limami ya ƙara da nasa.

Akwai roƙon da ya fi ƙarfin ofishinku, muna roƙon ku isar mana da shi Yamai. Senegal ta fara ba masu shekara 60 zuwa sama magani kyauta tun 2006, a shirin da suka kira Sesame. Ya sha fama da bashin da gwamnati ba ta biya asibitoci a kan kari ba, irin matsalar da kyautar maganin yara ta fuskanta a nan, don haka ba mu neman a yi shelar abin da ba za a iya riƙewa ba. A fara da kaɗan: magungunan hawan jini da na suga masu sauƙin kuɗi, irin amlodipin da metformin, su kasance kullum a CSI, a farashin da tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli za ta iya saye duk wata ba ta tsallake ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1 ga Oktoba a matsayin ranar tsofaffi, ta kuma sa wa shekarun 2021 zuwa 2030 sunan shekaru goma na tsufa cikin lafiya. Muna roƙon kafin 1 ga Oktoba mai zuwa ku ba mu rana, ku zauna da wasu daga cikinmu tare da likitocin gundumomi, ku gaya mana wanne daga cikin waɗannan za a iya farawa bana, wanne ne sai an jira. Idan zaman bai samu ba, ku amsa mana ta rediyo, da Hausa, yadda su kansu tsofaffin za su ji da kunnensu.

Allah ya ja zamaninku, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalamu alaikum.

Wata malamar makaranta,
a madadin masu jinyar iyaye,
Maraɗi.